Shekara tara ina sarrafa injuna a Yanbu, ina so in koma Makka in buɗe aikin wuta na kaina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata tara ina aikin sarrafa injuna a wata masana'anta a Yanbu, aikin karɓa-karɓa na awa 12, dare da rana. Mahaifiyata da iyalina suna Makka. Haifaffen Saudiyya ne ni, ina da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Ina ɗan taɓa aikin wuta, ni nake gyara ta gidanmu da ta dangi. Na gaji da hanya da kwanan zaune. Ina so in ajiye aiki in ci gashin kaina da gyaran wuta. Yaya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya saka maka da alheri kan niyyar komawa kusa da mahaifiya. Tafiyar kusan kilomita 400 bayan ka kwana a tsaye ba ƙaramin abu ba ce, kuma ba zan ce maka ka ci gaba da yin ta har tsufa ba. Mutum irinka yana da wuri a kasuwar nan. Abu biyu kawai nake roƙonka: kada ka miƙa takardar ajiye aiki a wannan shekarar, kuma kada ka shiga sana'ar ta ƙofar wayarin gidaje.

Shekara taran da ka ambata ita ta fara ɗaukar hankalina. Dokar ƙwadago, sashe na 84, ta tsara kuɗin sallama kamar haka: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan, kuma da albashinka na ƙarshe ake lissafin. Sashe na 85 ya ce wanda ya ajiye da kansa ba ya samun kuɗin duka sai ya cika shekara goma. Tsakanin biyar da goma kashi biyu cikin uku ake ba shi. Mu ƙaddara albashinka riyal 9,000 ne. In ka tafi yau lissafin zai kama 58,500, a ba ka 39,000. In ka cika goma, 67,500 za ka karɓa cif. Riyal 28,500 ke nan za ka bari a kan tebur saboda gaggawar wata goma sha biyu, kuma kuɗin nan ya isa ya saya maka duk na'urorin awon da kake bukata har ya rage na zubin mota. Ka buɗe kwantiraginka a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ka ga ainihin ranar da aka rubuta ka fara aiki, domin da ita za a yi lissafi, ka kuma ga wa'adin sanarwar da ke kanka.

Akwai abubuwan da albashi yake ɗauke maka ba ka ji. A Ta'aminat, hukumar inshorar ma'aikata, ana cire kashi 9 cikin ɗari na fansho daga gare ka, kamfani ya sa kashi 9. Ranar da ka zama mai zaman kanka, in kana so shekarunka su ci gaba da ƙirguwa, kai za ka biya kashi 18 ɗin gaba ɗaya. Tallafin Sanid na wanda ya rasa aiki ba ya shafar wanda ya ajiye da ra'ayinsa. Inshorar lafiyar iyali da kamfani ke biya za ta tsaya. Saboda haka ban da jari, ka ware kuɗin cefane da haya da makarantar yara na wata shida a wani asusu daban wanda ba za ka taɓa don sayen waya ko bireka ba.

To, me masana'anta ta koya maka wanda za ka fita da shi? Abu mai yawa, fiye da yadda kake zato. Ka saba ka ga alama ka bi ta har ka kai ga musabbabi: matsin ruwa ya faɗi, ba ka ruga ka canza famfo, sai ka duba abin da ke gabansa da abin da ke bayansa. Kunnenka ya san kukan moto mai lafiya da wanda boris ɗinsa, ƙarfen da sandar moto ke juyawa a kai, ya fara ci. Ka iya karanta zane. Ka iya rubuta abin da ka tarar da abin da ka yi, ka miƙa wa na bayanka. Ka san cewa inji ba ya lalacewa haka kawai. Yawancin masu gyaran da ke tsaye a bakin titi ba su da ko ɗaya cikin waɗannan. Su canza abu suke yi, in bai yi ba su canza na kusa da shi, mai gida yana biya.

Abin da ba ta koya maka ba shi ne hannu. A wurin aikinka, in moto ya tsaya, waya kake ɗagawa ka kira sashen lantarki. Su ke zuwa su cire wuta, su auna, su kwance, su ɗaure. Kai kana sa hannu a takardar izini ne. Canza soket da rataya fanka a gidan dangi bai cike wannan giɓin ba. Ɗan misali: waya mai kauri milimita 4, mai rigar PVC, a cikin bututu a jikin bango, jadawali ya ce tana ɗaukar amfiya 32. Amma jadawalin an gina shi ne a kan zafin iska digiri 30. In bututun ya bi ta saman rufi a Makka, inda zafi kan kai 50 da rani, sai ka ninka da 0.71, ya dawo amfiya 23 ko ƙasa da haka. Wanda bai san wannan ba zai sa mata bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa) mai amfiya 32, ya jona mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bireka ba za ta taɓa faɗuwa ba, wayar kuwa tana dahuwa a hankali cikin bango har ranar da za ta kama. Irin wannan ilimin yana cikin kundin ƙa'idojin gini na Saudiyya, sashen lantarki da ake kira SBC 401, kuma sai ka zauna ka karanta shi kamar ɗalibi.

Zan daɗe a kan maganar rai, domin nan ne na fi jin tsoro ga masu fitowa daga masana'anta. Shekara tara kana aiki cikin tsarin da ke tsare ka ko da ka yi sakaci. Kafin a taɓa inji akwai takardar izini, akwai kwaɗo da kati a kan makunni, akwai wanda ya auna, akwai wanda ya shaida, akwai motar asibiti a harabar. A ginin mutane babu ko ɗaya. Za ka kashe bireka a ƙasa ka hau hawa na huɗu, mai gadi ya zo ya ga wuta a kashe, wani ɗan haya yana masa faɗa, ya ɗaga ta. Bai yi da mugunta ba, bai san kana can ba ne. Don haka kwaɗonka da katinka su zauna a aljihu, mabuɗin a wuyanka. Kuma testa mai ɗan haske ba abin dogaro ba ce. Ka sayi ma'aunin wuta mai baki biyu, ka gwada shi a inda ka san akwai wuta, ka auna inda za ka yi aiki, ka sake gwada shi a wuri mai wuta don ka tabbata bai mutu a hannunka ba. Kowane lokaci, ko aikin minti biyu ne.

Ƙasar nan kuma tana da tarkon da babu shi a Najeriya ko Sudan. Tsohon tsarin wutar gidaje a nan bolt 127 da 220 ne. A 2010 majalisar ministoci ta amince a koma 230 da 400, a hankali cikin shekara 25, wato har yanzu tsarin biyu suna zaune tare. A tsohon tsari, 220 ɗin da ke zuwa mukayyif da sakhana (na'urar dumama ruwa) daga faz biyu, wato layukan wuta biyu, take fitowa, wayoyin biyu duk masu rai ne, babu nutiral, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a cikinsu. In wanda ya yi wayarin ya sa makunni mai yanke waya ɗaya, na'urar za ta mutu, amma ɗaya wayar tana nan da bolt 127 tana jiran hannunka. A tsofaffin gine-ginen Shara Mansur, Jarwal da Misfala za ka ci karo da wannan, har ka ga soket biyu a bango ɗaya, wannan 127 wancan 220, babu alamar da ta raba su. A sabbin unguwanni kuwa kuskuren juyawa yake yi: wanda hannunsa ya saba ɗaukar faz biyu don ya samu 220, in ya yi haka a sabon tsari bolt 400 ya aika wa firij ɗin mutane. Kafin ka kwance ko da dunƙule ɗaya a ginin da ba ka sani ba, ka tsaya a ɗablon, akwatin birekokin ginin, ka auna tsakanin faz da faz, faz da nutiral, faz da wayar ƙasa. In ma akwai wayar ƙasar, domin a tsofaffin gidaje sau da yawa babu ita sam.

Ka kuma riƙe cewa bireka ta yau da kullum waya take karewa, ba mutum ba. Wutar da ke iya tsayar da zuciya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, bireka mai amfiya 20 ba za ta ko ji wucewarta ba. Mai tsare rai ita ce birekar da ke gano yoyon wuta, mai faɗuwa a miliamfiya 30. Duk inda ruwa da wuta suke haɗuwa, bayi, kicin, sakhana, famfo, wurin alwala, ka nace a sa ta. Mai gida zai ce tana da tsada kuma tana yawan faɗuwa. Ka gaya masa in tana faɗuwa to akwai inda wuta ke yoyo, kuma aikinka ne ka nemo wurin. In ya ce ka cire ta ka haɗa kai tsaye, ka tattara kayanka. Diyyar kisan kuskure a ƙasar nan riyal 300,000 ce, kuma wannan ne mafi sauƙi cikin abin da zai hau kanka in yaron wani ya mutu a bayin da ka yi wa aiki.

Me ya sa na ce ka guji wayarin gidaje? Domin nan ne kasuwa ta fi cunkoso, kuma nan ne iliminka ba ya ƙara maka komai. Aikin ta'asis, wato fasa bango da binne bututu da jan waya a sabon gini, da nuguɗa ake biya, kowane soket ko makunni ko fitila da farashinsa. Waɗanda za ka yi gogayya da su shekara da shekaru suna wannan aikin, hannunsu ya fi naka sauri nesa ba kusa ba, suna kwana mutum shida a ɗaki ɗaya, za su karɓi farashin da ba zai biya maka hayar gida ba. Ga ɗan kwangila a sama, wanda ba ya biyanka sai mai gini ya biya shi. Da yawa suna ganin mai gyara ya shigo ya yi minti goma ya karɓi kuɗi mai kauri, sai su ninka da awa takwas. Kallon kitse ne ake yi wa rogo. Ba a lissafa awa biyun da ya ɓata a cunkoson hanya, da zuwa shagon kaya sau biyu, da ranakun da wayarsa ba ta yi ƙara ba.

Wurinka yana inda wuta ke juya inji. Kowane bene a Makka yana da tankin ƙasa da na sama, da dinamo, wato famfon da ke tura ruwa, da awwama, makunnin da ke iyo a tanki, mai kunna shi ta kashe. Manyan gine-ginen alhazai a Aziziyya suna da famfuna biyu ko uku masu karɓa-karɓa, da allon sarrafawa cike da kontakta mai haɗa wa moto wuta, da obalod mai tsayar da shi in nauyi ya yi yawa, da taima. Gidajen abinci suna da ɗakin sanyi, gidajen burodi suna da injin kwaɓa, masu wanki suna da manyan injuna masu faz uku, wasu wuraren da janareta da makunnin sauya layi. In irin wannan allon ya ƙi, mai wayarin gidaje yakan tsaya yana kallonsa, ko ya danne kontakta da tsinke ya ce ya gyara. Kai kuwa a idonka ƙaramar masana'anta ce. Ka san me ya sa obalod ke faɗuwa, ka san moto mai faz uku in ya rasa ɗaya zai yi gurnani ya ƙone, ka san famfon da ya sha iska ba matsalar wuta ba ce. Har wani abu da mutane ke mantawa: wutar Saudiyya sau 60 take juyawa a sakan, abin da ake rubutawa 60Hz a jikin inji, alhali ta yawancin maƙwabta 50 ce. Moton da aka ƙera don 50, mai gudu 1,500 a minti, a nan zai nemi 1,800. In famfo yake ja, nauyin da ke kansa ya kusa ninki ɗaya da kashi bakwai cikin goma. Mai gini ya sayo famfo mai araha daga waje, yana ƙonewa yana canzawa, babu wanda ya karanta masa farantin da ke jikinsa. Mutumin da ya gano masa wannan ba zai sake neman wani ba.

A irin waɗannan wuraren ka nemi yarjejeniyar kulawa ta wata-wata, agdin siyana. Ka zo a ranar da aka tsayar, ka auna amfiyar kowane moto, ka matse wuraren da suka saki, ka share allo, ka rubuta, ka bar wa mai gini kwafi. Ɗaurin da ya saki yana cikin manyan masu jawo gobara, kuma ba a ganinsa sai an nema. Gini biyar ko shida masu biyan wata sun fi maka kiran gaggawa hamsin, domin su ne za su riƙe ka a Muharram da Safar lokacin da aiki ya lafa. Kafin azumi da kafin Hajji kuwa za ka rasa lokacin cin abinci. Lifta da na'urorin kashe gobara ka bar su, suna da kamfanonin da aka ba izini na musamman. Mita da duk abin da ke gabanta na kamfanin wuta ne, ko hatiminta kada ka taɓa, komai roƙon mai gida.

Maganar takardu gajera ce tunda kana da jinsiyya. Ka samu shaidar sana'ar daga cibiyar da hukumar horon fasaha da sana'o'i ta ƙasa ta amince da ita. In kana da difloma ta fasaha, ka yi rajista a hukumar injiniyoyi, tana rajistar masu difloma ma. Ka buɗe sijilli, wato rajistar kasuwanci, a ma'aikatar kasuwanci, ka nemi lasisin baladiyya, hukumar birni, ta manhajar Balady. Masu manyan gine-gine ba sa hulɗa da wanda ba zai ba su fatura, wato takardar kuɗin aiki, ba. Harajin ƙari, wato VAT, kashi 15 ne, kuma rajistarsa tana zama dole in cinikinka na shekara ya wuce riyal 375,000.

Amma akwai jarrabawar da za ta zo maka daga cikin gida, kuma gara ka shirya amsarta tun yanzu. Ranar da aka ji kana da sijilli, wani ɗan'uwa mai igama, wato baƙo mai takardar izinin zama, ƙila wanda kuka tashi tare, ƙila ya fi ka iya aikin, zai zo ya ce ka bar shi ya yi aiki da sunanka, ya riƙa ba ka wani abu duk wata. Wannan shi ne tasattur. Dokar da aka sabunta a 2020 ta sa masa ɗauri har shekara biyar da tara har riyal miliyan biyar, shi kuma ɗan'uwan a fitar da shi daga ƙasar da wataƙila a cikinta aka haife shi. Na san zafin wannan magana a tsakaninmu, inda gida ɗaya za ka tarar wani yana da jinsiyya wani ba shi da ita. In kana son taimakonsa, ka mayar da shi ma'aikacin mu'assasarka, wato kamfaninka, ta hanyar hukuma, ka yanka masa albashi mai kyau, kuɗin aiki su riƙa shiga asusun mu'assasa, kai ne mai sa hannu kuma kai ne mai zuwa wurin aikin. Masu igama da ke karanta wannan su lura, sashe na 39 na dokar ƙwadago ya hana baƙo yin aiki don ƙashin kansa. Hanyar da ke buɗe gare su ita ce cin jarrabawar tantance sana'a da aka fara a 2021, da komawa kamfanin gyara da sana'ar wuta a rubuce a igama.

Kuɗin aiki kuma, ka raba kuɗin kaya da ladan hannu, ka rubuta, ko da a WhatsApp ne, mai aiki ya amsa kafin ka fara. Kada ka sayi kaya da kuɗinka sai an ba ka kafin alƙalami da ya rufe su. Ka sa kuɗin zuwa duba matsala, domin gano ta shi ne rabin aikin, kuma akwai masu jira ka nuna musu wurin su sallame ka su kira mai araha. Waya ka saya a wurin dillalin da aka sani, mai tambarin SASO, hukumar ingancin kaya ta Saudiyya, domin akwai wadda jan ƙarfen cikinta bai kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Dangi kuwa sun saba kana yi musu kyauta, kuma ba za su daina kira ba don ka bar albashi. Mahaifiya da gwaggo da kawu ka ci gaba da yi musu don Allah. Sauran ka gaya musu da bakinka, tun kafin ka fara, cewa yanzu da wannan kake ciyar da yara, za ka yi musu ragi amma su za su sayi kaya. Faɗa sau ɗaya a farko ya fi sauƙi a kan ƙunci na shekaru.

Shekarar da ta rage maka a Yanbu makaranta ce da ake biyanka don ka zauna a cikinta. Ka nemi shugabanka ya haɗa ka da ma'aikatan lantarki duk lokacin da aka tsayar da sashe don babban gyara. Ka riƙe musu fitila, ka kalli yadda suke auna lafiyar rigar waya da na'urar Megger a bolt 500, ka tambaye su me ya sa suke ƙin duk rigar da awonta ya gaza megom ɗaya, ka roƙa su bar ka ka ɗaure kan kebul da hannunka su duba. In akwai damar sauya ka zuwa sashensu gaba ɗaya, ka karɓa ko da za ka rasa alawus na dare. Ranakun hutunka a Makka ka samu gwani mai aikin famfuna da alluna ka bi shi, bayan ka tabbatar kwantiraginka bai hana ba. Za ka ɗauki tsani a bayan wanda ƙila ka girme shi, kuma ya kamata ka yi hakan da zuciya ɗaya. Kayan aiki ka riƙa saye ɗaya bayan ɗaya daga albashi: ma'auni mai baki biyu da farko, sai kilam mita mai auna amfiya, sai sukuddireba da filaya masu rigar bolt 1,000, Megger daga baya. Shago kada ka kama tukuna, mota da waya sun ishe ka sai in lasisin da kake nema ya wajabta wuri.

Alamar cewa ka kai ita ce a buɗe maka allon famfon da ba ka taɓa gani ba, babu zane, ka zauna da takarda da biro ka fitar da zanensa, ka faɗi inda matsalar take kafin ka canza komai, gwanin da kake bi ya duba ya ce haka ne. In ka kai nan, kuma masu gini uku sun yarda a rubuce za su ba ka kulawar wata-wata, sai ka zauna da mahaifiya da mai ɗakinka ka nuna musu lissafin wata shidan farko, ku yi istihara, ka rubuta takardarka. Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare hannunka.